Peugeot 504 ko Mercedes W123: wacce ta fi inji, wacce ta fi juriya?

Baban_Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masana nake nema. Na daɗe ina son in samu tsohuwar mota guda in tayar da ita a hankali, ta zama ta hawan nishaɗi, sai ga biyu sun faɗo gabana lokaci ɗaya: Peugeot 504 GL salun mai injin fetur lita 2, da Mercedes-Benz W123, ita ma salun, 200 ta farkon fitowa. Duk biyun suna tashi, duk giyar hannu ce. Ba kyau nake tambaya ba, wannan kowa da idonsa. Ƙarfin inji, gudu, birki, zaman hanya da juriya, wacce ta fi? Don Allah mai amsa ya zo da lambobi, kada a cika ni da "ai Marsandi Marsandi ce".

Tauraro123:
Wa alaikumus salam. Ai Marsandi Marsandi ce.

Baban_Ummi:
Na san za a rina.

MaiLissafi:
Tunda lambobi kake so, ga su. Injin 504 GL silinda huɗu ne, cc 1971, da kafireta, ƙarfin doki 93, daga baya aka ƙara shi zuwa 96. Injin 200 ta farko, wanda ake kira M115, shi ma silinda huɗu ne, cc 1988, doki 94. Kusan kunnen doki ke nan a takarda. Inda suka rabu shi ne nauyi. 504 tana wajen kilo 1,200 da ɗoriya, 200 kuwa kilo 1,340, wato Marsandin na ɗauke da fiye da kilo 100 na ƙari da doki iri ɗaya. Iyakar gudun 200 kilomita 160 a awa, kuma tana cin daƙiƙa 15 da 'yan kai kafin ta kai 100 daga tsaye. 504 ta ɗan ɗara ta a gudu, ta kuma fi ta saurin tashi. A tsawo W123 mita 4.72 ce, 504 mita 4.49. Tazarar tayar gaba da ta baya, W123 mita 2.80, 504 mita 2.74. To a waɗannan biyun da ka ambata, in dai zancen kuzari ne, Fijo ce a gaba, ko da ba da nisa ba.

Tauraro123:
Malam MaiLissafi, ka ɗauko autar gida ka haɗa ta da babbar 'yar wani gida. 200 ta farko ita ce mafi ƙarancin ƙarfi a duk W123 masu fetur. Me ya hana ka kawo 280E? Silinda shida, cc 2746, kamshaf biyu a saman inji, doki 177 da farko, daga 1978 ya koma 185. Kilomita 200 a awa, tana kai 100 cikin kusan daƙiƙa 10. Wace 504 salun ce za ta ga ƙurarta?

MaiLissafi:
Ba ni na haɗa ba Yallaɓai, motocin da ke gaban mai tambaya ke nan. Da 280E ce a gabansa da ba mu tsaya lissafi ba. Kuma GL ba ita ce babbar gidansu ba, akwai TI mai injekta ƙirar Kugelfischer, doki 104, tana taɓa kilomita 173 a awa.

TsohonBakanike:
Yara ku bar ni in sa baki. Abu na farko da ba wanda ya faɗa: motocin nan ba sa'annin juna ba ne. 504 ta fito a baje kolin Paris a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. W123 sai Janairun 1976 ta fito. Shekara takwas a harkar ƙera mota ba wasa ba ne. Sa'ar 504 ta gaskiya ita ce W115, Marsandin da W123 ta gada, wadda ita ma 1968 ta fito, sa'ar W123 kuma Peugeot 505 ce ta 1979. Duk wanda zai yi hukunci ya riƙe wannan a ransa.

Amma abin dariyar shi ne injin M115 da ke cikin 200 ɗin nan gado ne daga W115, don haka a ɓangaren inji tazarar shekarun ba ta taimaki Marsandin da komai ba. Sai a 1980 da aka kawo sabon inji M102 lamarin ya canza: 200 ta koma doki 109, 230E mai injekta doki 136, tana kai 180. Baban Ummi, duba da kyau wace shekara ce taka. Tsakanin 200 ta 1978 da 200 ta 1981 akwai doki 15, kuma ƙafarka za ta ji su a hawan tudu.

Ni na buɗe injunan nan biyu ba adadi. Na Fijo a kishingiɗe yake, an karkatar da shi digiri 45 don boneti ya yi ƙasa. Kamshaf ɗinsa na cikin bulok, sanduna ne ke tura bawul, tsohon tsari amma mai sauƙin kai. Babban alherinsa shi ne silindojin ba a jikin bulok aka huda su ba, bututu ne da ake zarewa a sa sabo tare da fistin da ringi. Inji ya gaji, ka sauke shi, ka zare, ka mayar da sababbi, ya dawo ɗanye ba tare da an kai bulok wajen gurza ba. Sai dai wurin zaman bututun yana son hannun da ya iya. In aka bar ɗaya ya fi ɗaya tsayi ko da kaɗan, ko robar ƙasa ba ta zauna ba, ruwa zai sadu da baƙin mai, ka zaro sandar awo ka ga ta yi fari kamar madara. Na Marsandi kamshaf a sama yake, sarƙa ke juya shi, silinda a jikin bulok. Ya fi daɗewa kafin ya nemi a buɗe shi, amma ranar da ya nema aikin ya fi yawa.

Baban_Ummi:
Allah ya ƙara girma Baba. Takardunta 1978 suka nuna, ke nan mai doki 94 ce.

Gargada504:
Duk wannan lissafin doki na masu kwalta ne. Ku sauka daga titi mai santsi ku ga aiki. Ƙafar 504 tana da dogon zango, tayar na iya nitsewa sosai ta dawo ba tare da ta buga bodi ba, ga shi Peugeot da kansu suke ƙera shakazobarsu a lokacin, ba saye suke ba. Sannan farfelar tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giyabos da difaranshal ɗin baya, dutse ba ya samunta, kuma shi ke riƙe turin da tayoyin baya ke yi. A kan gargada in ka riƙe ta a gudu madaidaici sai ka ji ƙarar na ƙasa amma kujera shiru. Kujerun ma laushi gare su, ka zauna su haɗiye ka. W123 na hau ta a irin wannan hanyar, ba ta yi laifi ba, amma tana sanar da kai kowane rami, kuma kujerarta mai sifirin a ciki sai ta riƙa cilla ka sama.

Tauraro123:
Kujerar da za ka yi awa takwas a kai bayanka bai yi ciwo ba ita kake kushewa? Laushin Fijo daɗin awa ɗaya ne.

Gargada504:
Wannan kuma bayan kowa daban.

Ummu_Wagon:
Sannunku da muhawara. Gyara kaɗan ga Malam Gargada, don kada mai tambaya ya ɗauka duk 504 ƙafa ɗaya gare su. Salun GL da TI su ne kowace tayar baya ke motsi ita kaɗai, kuma su ne masu birkin faifai a duk tayoyi huɗu. 504 L da aka fitar a 1973 don rage tsada aksil ɗaya sandararre gare ta a baya, da birkin duram, injinta kuma cc 1796. Wagon ma aksil sandararre ne, da sifirin biyu-biyu kowane gefe saboda kaya, kuma ta fi salun tazarar taya, mita 2.90. Ni Familiale nake da ita, mai layin kujeru uku, wadda mahaifina ya bar mana. In babu kaya bayanta na ɗan tsalle, amma a cika ta da mutane sai ta kwanta ta yi lumui.

Baban Ummi, ka leƙa ƙarƙashin motar da idonka. Mota mai shekara sama da arba'in ta ratsa hannaye da yawa, rubutun GL a but ba shi ke nuna abin da ke ƙasa ba. Na taɓa ganin wadda aka cire mata birkin faifai na baya aka ɗora duram.

Gargada504:
Gaskiyarki Hajiya, salun GL nake nufi tunda ita aka tambaya.

Dan_Dizal:
Ni dai ban ga abin da ya kai ku fetur ba. Sunan W123 a duniya da dizal ta yi shi. 240D da 300D, injin OM616 da OM617, kan inji ƙarfe, bulok ƙarfe, famfon Bosch na layi wanda ba ruwansa da lantarki. Da zarar ya tashi ko batir ka cire zai ci gaba da aiki. Ba ku ji labarin direban tasin nan na ƙasar Girka ba, wanda 240D ɗinsa ta yi kilomita miliyan 4.6, yanzu tana gidan tarihin Mercedes a Stuttgart? A nuna min 504 da ta yi haka.

MaiLissafi:
Labarin gaskiya ne, amma motar W115 ce, ba W123 ba. Duba hotonta, fitilun gaba a tsaye suke, na W123 a kwance.

Dan_Dizal:
Injin dai OM616 ne, shi aka ɗauko aka sa a W123. Gidan bai canza ba.

MaiLissafi:
Wannan haka ne. Amma tunda an tambayi gudu, a faɗi ɗaya ɓangaren ma. 200D ta farko doki 55, daƙiƙa 31 kafin ta kai 100, iyakarta 130. 240D doki 65 da farko, daga baya 72, tana kai 143. 300D mai silinda biyar doki 80, daga baya 88. Sai mai turbo ce ta kai doki 125. Dizal ɗin 504, injin Indenor, cc 2112 doki 65, na cc 2304 kuma doki 70. Ka ga 504 dizal da 240D ƙarfinsu ɗaya kusan, Fijo kuma ta fi sauƙin nauyi.

Sarkin_Zolaya:
Daƙiƙa 31? Wannan ai ba agogo ake dubawa ba, kalanda ake dubawa.

Dan_Dizal:
Yi dariyarka. Za ka riga ni isa yau, ni kuma zan riga ka isa shekara talatin masu zuwa.

TsohonBakanike:
A dizal kam ina bayan Ɗan Dizal. Indenor inji ne nagari, ya yi aiki a motoci da yawa, amma kansa na alminiyon ne, ba ya yafe wa mai sakaci da lagireto. Ka bar shi ya tafasa sau ɗaya, sai gasket ko kan ya lanƙwashe. Na Marsandi ya fi haƙuri da zafi. Shi kuma abin da yake so shi ne a riƙa saita masa bawul lokaci-lokaci, da hannu ake yi, da sifana biyu lanƙwasassu. Mutane da yawa suna mantawa, sai motar ta fara wahalar tashi da safe su ce inji ya mutu, alhali bawul ne suka matse.

Amma mun bar mai tambaya a tsaye, shi fetur ne a gabansa.

Injiniya_Shiru:
Akwai abin da ba ya fitowa a teburin doki da gudu, kuma a wurina shi ya fi komai nauyi: ranar tsautsayi wacce za ta kare ka? Kilo 100 ɗin da MaiLissafi ya lissafa wa W123 a matsayin nakasu, ba duka banza ba ne. An ƙera gabanta da bayanta su lanƙwashe su shanye bugu, ɗakin fasinja ya tsaya da ƙarfinsa. Sandar sitiyari tana da wani sashe mai kamar zugazugi da ke karyewa gefe maimakon ta soki ƙirjin direba. Tankin mai yana saman aksil ɗin baya, bayan kujera, nesa da inda za a buge ta. Daga 1980 ana iya sayenta da birkin ABS mai hana taya kullewa, daga 1982 da jakar iska ta direba, duk da cewa kaɗan ne suka biya kuɗin waɗannan. 504 a zamaninta ba baya ba ce, birkin faifai huɗu a 1968 abin yabo ne, amma nan ne shekaru takwas ɗin da Baba ya ambata suke nuna kansu.

A birki duk biyun faifai huɗu ne, ban ga wadda zan ce ta yi wa ɗaya nisa ba in an gyara su daidai. A sitiyari kuwa sun bambanta ƙwarai. Na 504 sandar haƙora ce kai tsaye, kana juyawa taya na amsawa. Na W123 akwati ne mai ƙwallayen ƙarfe a ciki, ga faɗin sitiyarin kamar na babbar mota. Ba ya kawo maka bugun rami hannu, amma a tsakiya yana da ɗan wasa ko yana sabo, in ya tsufa wasan ya ƙaru. A doguwar hanya miƙaƙƙiya W123 ta fi natsuwa da shiru. A hanya mai kwana-kwana 504 ta fi daɗin sarrafawa, duk da tana kwanciya gefe sosai.

Gargada504:
To tunda an zo tarihi, a duba tseren daji. Safari Rally ta Kenya 1975, Ove Andersson ya ci da 504 salun. A shekarar Hannu Mikkola ya ci ta Maroko da 504. 1978 Jean-Pierre Nicolas shi ma ya ci Safari da 504 Coupé mai V6. Wannan ba hira ba ce, a rubuce yake.

Tauraro123:
Landan zuwa Sidni, 1977, tafiyar kusan kilomita 30,000. Andrew Cowan ya ci da 280E. Shi ma a rubuce yake.

Injiniya_Shiru:
Ku duka biyun kun faɗi gaskiya, amma motar tsere an ƙarfafa mata ƙafa da bodi, ga ayarin makanikai na bin ta. Ba ta gaya wa Baban Ummi komai game da motar da ta shekara arba'in tana shan rana.

Sabon_Shiga:
Gafarai manya, tambaya daga gefe. V6 ɗin da aka ambata, ana samunsa a salun? Kuma wa ya zana 504, na ji ana cewa 'yan Italiya ne.

MaiLissafi:
Daga masana'anta V6 a Coupé da Cabriolet kawai aka sa shi, daga 1974, cc 2664, injin haɗin gwiwar Peugeot da Renault da Volvo. In ka ga salun da V6 to wani ne ya dasa. Zane kuwa na kamfanin Pininfarina ne na Italiya, haka ne.

Kawu_300D:
Bari in ba mai tambaya labarin abin da zai tarar in ya ɗauki W123, don kada ya zo masa ba-zata. Motar nan abubuwa da yawa a cikinta da tsotson iska suke aiki, ta wasu siraran bututun roba masu launi-launi: makullin ƙofofi, a dizal har da kashe inji. Tawa da na same ta robobin sun shekara arba'in, sun bushe. Wata rana na iso gida na murɗa makulli na zare, inji na ta aiki abinsa, makulli na hannuna. Sai da na buɗe boneti na danna wani ɗan ƙarfe mai rubutun STOP kusa da famfo sannan ya yi shiru. Laifin wata 'yar roba ce da ba ta kai tsawon yatsa ba, ta tsage a ƙarƙashin kafet. Taka ta fetur ba za ta ƙi mutuwa ba, amma in tana da makullin tsakiya za ka sha bin layukan nan ɗaya bayan ɗaya. 504 ba ta da wannan tarkacen, komai nata a fili yake.

Sai tsatsa. Ka duba lungun da maƙalan boneti suke shiga, akwai ramukan zubar ruwa a wurin. In ganye ya toshe su ruwa na taruwa ya ci ƙarfe ya gangaro ƙarƙashin ƙafar direba. Ɗaga kafet ka taɓa. Ka duba ramukan jak guda huɗu da ƙarƙashin batir.

Ummu_Wagon:
Tsatsa kam ba ta bar Fijo ba ita ma, in ma ba ta fi ba. Ƙasan ƙofofi, bakin tayoyi, ƙasan but, da wurin da shakazobar gaba ke ɗaurewa a sama. Wannan na ƙarshen in ya ruɓe a bar motar kawai.

TsohonBakanike:
Yawwa, yanzu kuka zo inda nake jira. Inji ana tayar da shi, giyabos ana samu, amma bodin da ya ruɓe rami ne mara ƙasa. Baban Ummi, tafi da maganaɗisu ƙarami ka bi jikin kowacce, inda bai kama ba an cika da fila. A auna matsin kowace silinda, huɗun su zo kusa da juna. Wadda ta fi lafiyar ƙashi a cikin biyun ita ce ta fi, ko tauraro ne a hancinta ko zaki.

Tauraro123:
Baba ka yi sulhu ke nan, ba ka yanke hukunci ba. Ni dai a rufe ƙofar W123 a saurari ƙarar, a rufe ta 504 a saurara. An ƙera W123 kusan miliyan 2.7 cikin shekara goma, kuma da ta fito a Jamus mutane sai sun yi fiye da shekara a layi, har wadda aka ɗan hau ta fi sabuwa tsada. Ba a banza ba.

Gargada504:
504 ta haura miliyan 3 a Turai kaɗai kafin a tsayar a 1983, Ajantina ta ci gaba da ƙera ta har 1999, a Afirka kuwa sai da ta shiga shekarun 2000. W123 a 1986 aka rufe babinta. Motar da aka shekara kusan arba'in ana ƙerawa, a salun, a wagon, a a-kori-kura, ita ma ba a banza ba. Kuma wannan na nufin kayan gyaranta na inji da ƙafa ba sa wuyar samu.

Kawu_300D:
Kayan inji da ƙafa na W123 ma har gobe ana buga sababbi. Abin da ke wahala a duka biyun kayan ado ne: dashbod mara tsaga, robar gilashi, fitilu na asali.

Baban_Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da na tsinta: a biyun da ke gabana 504 ta fi kuzari da laushin ƙafa da sauƙin gyara, 200 ta fi kariya da shiru a doguwar tafiya. Zan je da maganaɗisu kamar yadda Baba ya ce, in leƙa ƙasa kamar yadda Hajiya ta ce. Amma shan mai fa? Ba wanda ya taɓo shi.

MaiLissafi:
A ƙa'ida mai sauƙin nauyi ita za ta fi tsimi, tunda girman injin ɗaya ne, don haka ina sa ran 504 ta ɗan fi. Amma a wannan shekarun lafiyar kafireta ce ke yanke hukunci. Ta 200 ƙirar Stromberg ce mai wata roba a sama, in ta huje motar za ta sha mai ta kuma rasa ƙarfi.

Dan_Dizal:
Da ka nemi 240D da duk wannan tambayar ba ta taso ba.

Sarkin_Zolaya:
Da ya nemi 240D da har yanzu yana hanya bai iso nan ya yi tambayar ba.

Sabon_Shiga:
Wata tambayar kuma, in an yarda. In da 230E ce ta 1982 a maimakon 200 ɗin, Malam Gargada da Hajiya, za ku tsaya a kan 504 har yanzu?

Ummu_Wagon:
Ni ban da ta cewa a salun. A tambaye ni tsakanin Familiale da 230TE, wagon ɗin W123, wadda bayanta ke ɗaga kansa da man haidurolik in an loda mata kaya. Wannan wani zaren ne daban, wani ya buɗe mana.

Gargada504:
A wace hanya za a hau ta? Faɗa min wannan tukuna.